Tambayi Anti Likita: Sai zama ya daidaita hannun yaro ke samun aiki

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan saƙonnin da suka fi yawa duk a kan abu ɗaya suke, wato yaran nan da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni tun suna ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwa, har abin ya taɓa musu motsi da zama da riƙon abu. Mu a sashen gashi Si-Pi muke cewa a taƙaice, a cikin gari kuwa kowa da sunan da yake kira, wasu su ce galahanga, wasu shan inna, wasu ma su ce ɗan ruwa ne aka musanya wa uwa. Shan inna daban take, ƙwayar cuta ce ke kawo ta. Ɗan ruwa kuwa babu shi, ɗanki ne da kika haifa da cikinki. Abin da ya fi kawo wannan lalura a wajenmu shi ne doguwar naƙuda har jariri ya fito bai yi kuka ba, da shawara mai tsanani a satin farko, da haihuwar bakwaini, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro idan ya hau kai. Na zaɓi saƙo biyar, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Daga wata uwa a Funtua

Salam Anti, dan Allah ki taimaka min. Yarona shekararsa uku, na sha wahala wajen haihuwarsa kwana biyu ina naƙuda, har yanzu baya zama da kansa, in na zaunar dashi sai ya sulale ko ya gantsare ya tura ƙeya baya. Hannuwansa kullum a dunƙule. Ina kaishi gashi duk sati an nuna min yadda zan riƙa miƙar masa da yatsu, kusan shekara ɗaya kenan amma ko cokali baya riƙewa. A gida a baho nake sashi in kewaye shi da filo, ko in goya shi, ko ya wuni a tabarma. Wane motsa hannu ne ya fi kyau in ƙara masa? Wlh na fara karaya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya, shekara guda kina jele ba abu ne mai sauƙi ba. Amma ni ba motsa hannu zan ƙara miki ba, don a ganina matsalar ba daga hannun ta faro ba. Ki tuna ranar da kika hau ɗan acaba a hanya mai gargada, me hannuwanki suke yi? Riƙo kawai. Da a lokacin za a miƙo miki allura a ce ki zura zare ai ba za ki iya ba, kuma ba don hannunki na da ciwo ba, sai don jikinki duk ya tafi wajen kada ki faɗo. To haka yaronki yake wuni. Duk ƙarfinsa da hankalinsa suna wajen kada ya kife, shi ya sa yake ƙandarewa, shi ya sa yake dunƙule hannu. Ranar da ƙugunsa ya samu wurin da zai kafu, bayansa ya samu jingina, ƙafarsa ta taka wani abu, ranar kafaɗa za ta saki, in kafaɗa ta saki hannu zai zo gaba ya fara neman abin taɓawa. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba, yaro a zaunar da shi daidai ya tsaya yana kallon hannunsa kamar yau ya fara ganinsa.

Bahon nan ki rage shi. Gindinsa a zagaye yake kuma da santsi, mazaunan yaro sai su zame gaba, baya ya lanƙwashe kamar lauje, filo kuma laushi gare shi ba ya riƙe komai. Abin da yake buƙata kujera ce da aka yi daidai jikinsa, kuma kafintan unguwarku zai iya in dai kin kai masa awo. Ki ari tef ɗin tela, ki kwantar da yaron ta gefe ko wani ya riƙe miki shi a zaune. Ki auna daga bayan mazaunai zuwa lungun gwiwa, ki rage faɗin yatsa biyu, wannan shi ne zurfin wurin zaman, don in ya yi tsawo katako zai riƙa turo bayan gwiwa yaro ya sulale, mafi yawan kujerun da ake kawo mana nan suke da kuskure saboda kafinta ya ce a bar masa wurin girma. Ki auna faɗin ƙugu ki ƙara kaɗan saboda soso. Ki auna daga lungun gwiwa zuwa diddige, nan za a sa matakin ƙafa, tafin ƙafa duka ya zauna a kai kada ya yi reto. Jinginar baya ta kai kafaɗa, in wuyansa bai tsaya sosai ba ta wuce har saman kai. Ƙugu da gwiwa da idon sawu kowanne ya lanƙwasa kamar kusurwar ɗaki, daga nan ake farawa, sai likitan gashinku ya gyara daidai da jikin yaron.

Abu mafi muhimmanci a kujerar duka shi ne bel ɗin ƙugu. Ki tura mazaunansa can ƙarshen kujera tukuna, sannan bel ya bi ta kan ƙashin ƙugu ya gangara ƙasa ta baya, ba kan ciki ba. Dan Allah dan Annabi kada a ɗaure yaro da zani a ƙirji kawai a bar ƙugu sake, zai sulale ƙasa zanin ya hau wuyansa, wannan haɗari ne na rai, kuma ko da bel mai kyau ba a barin yaro shi kaɗai a kujera a tafi kasuwa ko maƙwabta. A gefe da gefe a sa ƴan katakai masu soso su riƙe haƙarƙari, amma su tsaya ƙasa da hammata da kamar yatsa biyu. In cinyoyinsa na harɗewa kamar almakashi a sa ɗan dunƙulen katako mai soso tsakanin gwiwoyi, tsakanin gwiwoyi na ce, ba a matse shi da gabansa ba, aikinsa raba ƙafa ne ba tare yaro ba. Tunda yana gantsarewa, a ɗan ɗaga gaban wurin zaman ya fi bayan tudu kaɗan, yana rage turawar. In kuma kansa na faɗowa gaba, kujerar dukanta ake ɗan kishingiɗarwa, a sa katako a ƙarƙashin ƙafafunta na gaba tare da tabbatar ba za ta kife ba, ba jinginar kaɗai ake kwantarwa ba.

Sai tebur. Kada ki yarda kafinta ya ce wannan ƙari ne. Faffaɗan katako a gabansa daidai tsayin gwiwar hannu, a yanke shi kamar rabin wata ya zagaye ciki, a yi masa ɗan baki kada kaya su riƙa faɗuwa. A kan teburin nan hannu zai koyi komai, zai dogara gwiwar hannu, zai daki murfin tukunya, zai tura kofi. Ki fara da abu mai kauri da ya cika tafin hannu irin su lemo ko gwangwanin madara da kika sa wa tsakuwa kika like bakin sosai, ki ajiye a tsakiya saitin cibiyarsa, ki jira. Jiran nan shi ke ba iyaye wahala, yaro na ta ƙoƙari sai uwa ta ji tausayi ta ɗauka ta damƙa masa. Ki bar shi ya kai hannu da kansa ko da zai ɗau minti biyu, ƙwaƙwalwa abin da yaro ya yi da kansa take riƙewa, miƙar da yatsu da kike yi yana hana gaɓa ƙagewa ne kawai, ba ya koya wa hannu aiki. Kuma in za ki buɗe masa hannu kar ki ɓamɓare yatsu da ƙarfi, ƙara damƙewa zai yi, ki kama gindin babban yatsa ki jawo shi waje a hankali sauran za su biyo.

Zaman kujerar ki fara da minti 10 zuwa 15 sau biyu ko uku a rana, ki riƙa ƙarawa, amma kar ya wuce awa ɗaya zuwa biyu a zama guda. Duk fitarwa ki duba fatar mazaunai da baya da gefen ƙugu. Mu baƙar fata ba kasafai ake ganin ja ba, don haka ki nemi wurin da ya fi sauran duhu ko sheƙi ko zafi, in ya wuce rabin awa bai koma daidai ba to akwai inda katako ke danna shi, a gyara kafin ya zama gyambo. Goyo kuma ki ci gaba, yana raba masa cinyoyi kuma yana ganin duniya, haka ma kwanciyar rubda ciki da naɗaɗɗen tawul a ƙarƙashin ƙirji yana dogare da hannu. Duk wata shida a sake awo.

Abu na ƙarshe, ki tambayi likitan gashinku a wane mataki yaron yake. Akwai ma'auni mai hawa biyar da aka fitar a Kanada a 1997 da duk duniya ake amfani da shi, mataki na 1 mai tafiya ba taimako, na 5 wanda ko wuya ba ya iya riƙewa. Yaran mataki na 4 da na 5 su ne kwatangwalonsu ya fi saurin gocewa a hankali ba tare da an sani ba, sai ciwo ya fara. A Suwidin tun 1994 suka fara yi wa irin waɗannan yara hoton ƙugu a kai a kai, kuma gocewar ta ragu ƙwarai a wajensu. Ki nemi a yi masa hoton ƙugu, in an ga wani abu akwai likitocin ƙashi a asibitin Dala a Kano da asibitin koyarwa na Shika a Zariya, Shika ma ta fi kusa da ke.

Daga wata kaka a Maraɗi (jikanta ya rubuta mata)

Ina riƙon jikata shekara biyu da rabi, uwarta ta rasu. Jikinta laƙwas yake, ba ta tauna, in na ba ta da cokali rabi a ƙasa yake zubewa don haka ɗura nake yi mata da kunu. Tana yawan tari da kakari, sau uku ana kwantar da mu wai ciwon huhu. Ko sanyi ne ke kama ta?

Amsa: Iya, Allah ya jiƙan ɗiyarki, ya ba ki ladan riƙon marainiya. Zan faɗa miki gaskiya don na san so ne ya sa kike yi: ina kyautata zaton ba sanyi ba ne, ɗurar ce. Maƙogwaro hanya biyu gare shi, ta abinci da ta numfashi, in aka kwantar da yaro aka tanƙwasa kansa baya hanyar numfashi buɗewa take yi, ita kuma wannan yarinya ba ta da ƙarfin rufe ta da sauri, sai kunu ya riƙa gangarawa huhu, wani lokacin ma ba tare da ta yi tari ba. Ki gwada da kanki Iya, ki ɗaga kai sama ki haɗiyi ruwa ki ji yadda yake. Dan Allah daga yau a bar ɗura, a bar toshe hanci.

Ki zaunar da ita a cinyarki ko a kujera, jiki a miƙe, haɓa ta ɗan sunkuyo ƙasa kaɗan, ke kuma ki kawo cokalin ta gaba daga ƙasa yadda ba za ta ɗaga kai tana nemansa ba. Ƙaramin cokalin roba marar zurfi, rabin cokali a lokaci ɗaya, ki ɗan danna shi a kan harshe ki jira leɓe ya rufe, kar ki kankare abincin da haƙoran sama, kuma sai kin ga ta haɗiye za ki ƙara. Kunu mai ɗan kauri ya fi tsararo sauƙin haɗiya ga mafi yawan yaran nan, ruwa zalla shi ya fi ƙware su. Tunda kaɗan take ci, kaɗan ɗin ya zama mai nauyi, a sa gyaɗa niƙaƙƙiya da ɗan mai da madara ko ƙwai dafaffe da aka dame, sau biyar ko shida a rana maimakon cika ciki sau biyu. Bayan ta ci ta zauna rabin awa kafin a kwantar da ita. Kuma in kun koma asibiti ki faɗa wa likita da bakinki cewa tana ƙwarewa wajen ci, a auna nauyinta a duba ko tamowa ta kama ta. In numfashinta ya yi sauri ko zazzaɓi ya zo, kar a jira gari ya waye.

Daga wani magidanci a Tudun Wada, Kaduna

Anti barka da aiki. Ƴata shekara biyar, ɓarin damanta ne ya samu matsala, tana tafiya amma da ɗingishi a kan yatsu, hannun daman kuma a maƙale yake a ƙirji bata amfani dashi sam. Da hagu take cin abinci, mahaifiyata kuma bata son haka, tana buge mata hannu tace ba a ci da hagu a gidan musulmi. Wani abokina yace in ɗaure hannun hagun na sati biyu dole na daman ya tashi, wai haka ake yi a Turai. Gaskiya ne?

Amsa: Malam na gode, kuma na ji daɗi uba ne ya rubuto, don a layin gashi daga farko har ƙarshe mata ne ke zaune da yara a cinya. Mu fara da maganar Hajiya. Ka same ta cikin ladabi, in da hali ka je da malamin da take jin maganarsa. Hadisin da aka sani na mutumin da Manzon Allah (SAW) ya ce ya ci da dama ya ce ba zai iya ba, girman kai ne ya hana shi ba ciwo ba, mai lalura kuwa malamai sun yi masa uzuri, kuma ƙarshen Baƙara ya faɗa mana Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba za ta iya ba. Yarinyar nan ba bahaguwa ba ce don ta ga dama. In ana dukanta a kan abinci za ta tsani abincin ta kuma tsani hannun, ga shi tsoro kansa yana ƙara ƙandarar da jijiya. Ta ci da hagu ta ƙoshi, hannun dama mu ba shi aikin riƙe kwano.

Maganar abokinka akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba haka ake yi ba. Akwai wata hanya da ta samo asali daga binciken wani masani a Amurka mai suna Edward Taub, da manya masu shanyewar ɓarin jiki aka fara sannan aka kawo ta kan yara. Dalilinta shi ne yaro tun yana jariri ya gwada hannun ya ga ba ya biya masa buƙata sai ya manta da shi, har ya zama hannun na iya yin fiye da abin da ake gani amma ba a ba shi dama ba. Sai a sa wa lafiyayyen hannu safa mai kauri na ɗan lokaci, a zauna da yaro ana wasa da shi wasan da raunanan hannun zai iya cin nasara a kai. Ka lura, wasan shi ne maganin, safar taimako ce kawai. In ka ɗaure mata hannu sati biyu ka tafi kasuwa babu abin da za ta koya sai kuka, kuma tunda tana ɗingishi in ta faɗi da wane hannu za ta kare fuskarta? A gida abin da nake ba iyaye shawara shi ne rabin awa zuwa awa ɗaya a rana, a zaune a gaban tebur ƙafa a ƙasa, babba na tare da ita, na wasu makonni, kuma likitan gashi ya fara duba hannun ya tsara muku abin da za a fara da shi. Daga ture gwangwanaye, zuwa damƙar soso ta matse ruwa, zuwa ɗaukar dabino ta jefa a kwano. Sakin abu ya fi damƙarsa wuya ga irin wannan hannu, don haka jefawar ma darasi ce babba. In ta gaji ko ta ƙi, a cire.

Amma ni abin da na fi so ga yarinya mai shekara biyar shi ne aikin hannu biyu, don Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma burinmu ba wai dama ta zama kamar hagu ba ne, burinmu ta zama mataimakiya ta gari. Masu bincike a jami'ar Kolombiya ta Amurka sun tsara wannan hanya, suna tara yara awa 6 a rana na kwana 10 zuwa 15, wato awa 60 zuwa 90, kuma da aka gwada ta da hanyar safa an ga duka biyun suna aiki kusan daidai. Ka dubi yawan awannin nan ka dubi rabin awar da ake samu a asibiti sau ɗaya a sati, za ka gane cewa gida ne asibitin gaske. Ga gidan Bahaushe cike da aikin hannu biyu: ta riƙe gora da dama ta buɗe murfi da hagu, ta riƙe rariya ana tankaɗe, ɓarar gyaɗa, wanke ƴan kofuna, ninke ɗankwali, tafa-tafa da ƴan'uwanta, ɗaukar tire da hannu biyu ta kai wa Hajiya goro. In ma kuka sa Hajiya ta zama ita ce mai kula da wannan, kun samu mai taimako da ba ta zuwa ko'ina.

Takalmin hannu na roba da ake yi wa wasu yara yana da amfani in babban yatsa ya nutse a tafin hannu ko wuyan hannu ya fara ƙagewa, amma a auna mata a asibiti, kar a saya a kasuwa, kuma shi kaɗai ba ya koyar da hannu komai. Ƙafar ma a duba ta. Ga sauran iyaye masu karatu kuma, jaririn da bai kai shekara ba kuka ga hannu ɗaya kawai yake miƙawa ɗayan a dunƙule, ba bahago ba ne ba kuma badame ba, a kai shi a duba, a wannan shekarun gyara ya fi kamawa.

Daga wata baiwar Allah a Azare

Anti ni mijina ya sake ni saboda yaron, yace a danginsu babu irin wannan. Wankau nake yi muke ci. Naje wani asibiti aka rubuta min kujera kuɗinta ya fi abin da nake samu a wata shida, na fito ina kuka. Shikenan yarona bazai zauna ba?

Amsa: Ƙanwata saƙonki ya tsaya min a rai. Wannan lalura ba laifinki ba ce, kuma ciyar da yaron nan da maganinsa haƙƙi ne a kan ubansa ko kuna tare ko ba kwa tare, ki sa manyanki su yi magana, in ta ƙi akwai kotu. Yaronki zai zauna insha Allah. Akwai kujerar kwali, kar ki raina ta, a Zimbabwe aka fara wannan fasaha shekaru da dama da suka wuce kuma yanzu ana yin ta wa irin yaranmu a Gana da Kenya da wasu ƙasashe. Kwalaye masu kauri za ki nema wajen masu shago, irin na firij ko talabijin sun fi. Ki dama garin rogo ko fulawa ki dafa ya zama kamar koko mai kauri, shi ne gam ɗinki. Ki liƙa kwali uku a kan juna, amma layin cikin kowanne ya gitta na ƙasansa, nan ƙarfin yake, ki danne da abu mai nauyi har ya bushe ya zama kamar katako. Sai ki yanka da awon da na faɗa wa ƴar'uwarmu ta Funtua, ki haɗa, ki bi duk mahaɗa da baki da yankakkiyar takardar buhun siminti ko tsohuwar jarida ana shafa gam, hawa-hawa, ki shanya kwana biyu ko uku. In kin samu fenti mai mai ki shafa. Maƙiyanta ruwa da gara da ɓera, don haka leda a wurin zama, kuma a ɗora ta a sama da dare. Kafin ki gama, lungun ɗaki ma kujera ne in wuyansa ya tsaya: bayansa a kusurwa, naɗaɗɗen zani a kowane gefen ƙugu, kwali a gabansa a matsayin tebur, kina wanki kina kallonsa yana kallonki. Ki ɗauki kujerar ki kai sashen gashi su duba zaman, wannan ba sai kin sayi komai ba.

Daga wani malamin Islamiyya a Gusau

Akwai ɗalibina ɗan shekara takwas, hadda babu wanda ya kai shi a ajin, amma hannunsa rawa yake yi yana fizga, baya iya rubutu, a benci kuma sai ya riƙa karkacewa. Ya zan taimaka masa?

Amsa: Allah ya gafarta Malam, Allah ya ƙara mana irinku. Irin wannan mai fizgar sau da yawa shawarar jarirai ce ke jawo shi, kuma da yawansu kaifin basirarsu lafiya lau, jikin ne kawai ba ya bin umarni. Benci marar jingina shi ne babbar matsalarsa. A samo masa kujera mai baya da hannuwa, a sa bulo ko katako ƙafarsa ta taka, tebur ya matso har cikinsa ya ɗora gwiwoyin hannu biyu a kai. A kafa ɗan turke ko mariƙin ƙofa a gefen teburin ya riƙe da hannun da ba ya rubutu, za ka ga fizgar ɗayan ta ragu. Takarda a manne ta da salatif kada ta gudu, fensir kuma a naɗe shi da tsumma ko robar tayar keke ya yi kauri kamar babban yatsanka, a ja masa layuka masu faɗi, ya fara da manyan baƙaƙe a allo. Kar a tsaya a kansa ana cewa yi sauri, ido in ya yi masa yawa jikin ƙara fizga yake. In rubutun ya ƙi duk da haka, a yi masa jarrabawa da baki, a kuma gwada shi da waya ko kwamfuta, wasunsu da yatsa ɗaya suke rubuta shafi guda. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta hana a nuna musu bambanci a makaranta, ka faɗa wa iyayensa haka in wata makarantar boko ta ce ba za ta ɗauke shi ba. Wurin zamansa kuma ya zama sahun gaba kusa da ƙofa, cikin ƴan ajinsu, ba can gefe shi kaɗai ba.

Masu tambaya kan farfaɗiya da rashin barci ga yaran nan, na ga saƙonninku, sai fitowa ta gaba insha Allah. In za ku turo ku faɗi shekarun yaron da sunan maganin da yake sha.